Ruwa na tsattsafowa ta gindin bangon sitonmu, ina mafita?

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da magina, don Allah ku ba ni shawara.

Muna da sito a ƙarƙashin shagonmu a Kano. Da damina ta kankama, musamman a watan Agusta, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa daidai inda bango ya haɗu da daɓe. An sake filasta da siminti mai maganin ruwa, amma damshi ya dawo, farin gishiri na fitowa a jikin bulo, atamfofi har sun fara funfuna.

Wani magini ya ce a tone ta waje har tushen gini, a shafa kwalta, a shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa. To, bangonmu manne yake da na maƙwabta, babu wurin tono. Ga shi kwatar titi ta fi daɓen tudu, ruwan ba zai gangara da kansa ba.

Idan aka fasa daɓen ta ciki, aka bi gindin bango da bututun zuwa rami mai injin zuƙe ruwa, tushen ba zai raunana ba? In kuma aka ɗauke wuta ana tsakar ruwa, batirin sola zai riƙe injin?