Don Allah masu ilimin Latin ku warware min kalmar delphinus

Assalamu alaikum 'yan uwa, kwana uku ke nan abin nan ya tsaya min a rai. Ina koyar da bayoloji a wata sakandare, ran Talata na rubuta Delphinus delphis a allo, sunan da masanin halittu Linnaeus ya sa wa dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi, tun 1758, sai wata ɗaliba can kujerar baya ta ɗaga hannu tace Malam me kalmar take nufi, nace ta bari sai Litinin.

Na bincika na ga Romawa aro suka yi daga Girkanci, delphis, ita kuma 'yar uwar delphys ce wato mahaifa. Abin ya burge ni sosai, don dolfin ba kifi ba ne, haihuwa take ta shayar da ɗanta nono, iska take shaƙa ta ƙofar da ke saman kanta. To inda na maƙale, su Romawa mahaifa ai uterus suke ce mata, to in Barome yace delphinus yana jin ma'anar mahaifar a ciki ne ko suna ne kawai a wajensa? Bana son in faɗa wa yarinyar nan abin da ba haka ba. Wanda ya sani ya taimaka kafin Litinin, Allah ya saka da alheri.