Wa aka taɓa ɗaura wa na'ura yana jinyar mai gigin tsufa?

Maman Hanifa, Leeds: Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan kula da tsofaffi nake aiki a nan Ingila. Kwanaki masu bincike suka zo daga wata jami'a, suka ɗaura mana abu kamar agogo, mu da tsofaffin da iyalansu suka amince. Ba lokaci yake nunawa ba. Bugun zuciya yake ƙirgawa, da motsi, da gumin fata. Bayan sati biyu aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Akwai wata tsohuwa da kullum sai mun yi daru wajen wanka, ni kuwa na ɗora laifin a kan ruwa. Ashe zuciyarta tun a ɗaki take fara dukan uku-uku, daidai lokacin da nake riƙe mata wuyan hannu in tayar da ita. Shekara uku ina wannan aiki, ina ganin babu mai taushin hannu kamata. Wallahi ranar ko abincin kirki ban ci ba. Akwai wanda ya gamu da irin wannan?

Ɗalibin jinya, Kyoto: Wa alaikumus salam Anti. Kamun wuyan hannun nan shi ne abu na farko da ake hana mu. Hanyar da muke koya sunanta Humanitude, wasu Faransawa biyu, Yves Gineste da Rosette Marescotti, suka fara ta a 1979, likita Miwako Honda ta shigo da ita Japan a 2012. Ginshiƙanta huɗu: kallo, magana, taɓawa, da tsayar da mutum kan ƙafafunsa. Ba a cafko hannu ta sama kamar an kama ɓarawo, tallafowa ake yi ta ƙasa da tafin hannu. A Jami'ar Kyoto, Atsushi Nakazawa da abokan aikinsa sun riƙa sa wa masu jinya kyamara a kai, kwamfuta tana auna tazarar fuska da fuska da kuma ta ina aka fuskanci majinyaci. Gwanaye sun fi matsowa kusa, kuma ta gaba suke zuwa.

Ni ma an sa mini irinta a wajen horo. Da aka kunna bidiyon, zanin gado na gani, da kafaɗa, da ƙafa, da kwanon ruwa. Fuskar dattijon sai jifa-jifa. Malamar ta ce me ya sa nake guje wa idonsa. Ta ina zan fara yi mata bayanin cewa a gidanmu yaron da ya zuba wa babba ido mara kunya ne?

Yaya Babba, Kurna: Ƙanena ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu nan babu na'ura, sai Baba da ya shekara huɗu a ruɗe. Tun da na yi wayo ban taɓa kallon tsabar idonsa ba. In na kawo koko, daga gefe nake ajiyewa, kaina a ƙasa, sai ya zabura ya ce wane ne, wani lokaci har ya kifar da kofin. Wata jikarsa 'yar shekara shida ce kaɗai yake karɓar abu a hannunta lami lafiya. Sai yanzu na gane dalili: ita gabansa take tsayawa, hanci da hanci, tana "Kaka, ka sha." Gobe da safe zan gwada. Durƙuson dai mun riga mun iya, ɗaga kan ne aiki.

Mai aikin dare, Bradford: A yi hattara dai, na'ura ba ta san dalili ba. Wani dattijo ɗan Pakistan da muke da shi, agogonsa kullum kafin gari ya waye yana nuna ya tashi yana kai-kawo. A takarda aka rubuta rashin natsuwa, har aka fara zancen ƙara masa maganin barci. Na tsaya na kalle shi wani dare: yana naɗe hannun riga, yana laluben famfo. Alwala bawan Allah yake nema. Ya manta sunan 'ya'yansa, bai manta Asuba ba. Na kai shi ya yi, na shimfiɗa masa tawul, ya koma ya kwanta.

Umman Sadiq: Ni kyamarar ce ba ta kwanta mini ba. Wanda bai san yau wace rana ba, ta yaya ya amince a ɗauke shi? Balle a wurin wanka.

Maman Hanifa: Gaskiyarki Umma. Namu babu hoto, kuma 'ya'yan tsohuwar da na ba ku labari suka sa hannu, amma ita kanta sau biyu tana cire agogon tana cusawa cikin silifa. Na uku na ce a ƙyale ta. Yaya Babba, in ka gwada gobe, ka fara yin sallama daga bakin ƙofa, ka jira ya ɗago tukuna kafin ka matsa.

Yaya Babba: In sha Allah. Zan tafi da jikar ma, ko da zai kore ni.