Rubutu mai jela a katin ɗaurin aure, mu canza ko mu bari?

Yayar Amarya: Salamu alaikum jama'a. Saura sati uku bikin ƙanwata, kati 200 za mu buga. Mai zane ya sa rubutu mai jela, Edwardian Script, tun daga sama har lambar waya. Kyau kam ya yi, amma Baba ya kasa karanta sunan masallacin. Mu canza ko mu bari?

Na Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan ango da amarya kaɗai ake sa wa mai jela, girma 28 zuwa 36. Rana, lokaci da wuri a miƙaƙƙen rubutu irin Garamond, girma 12. Kada kuma a yi shi duka da manyan baƙaƙe, jelar kowane harafi hawa kan maƙwabcinsa take yi.

Ɗan Zariya: Ku ɗauko Great Vibes, ita ma mai jela ce, kuma kyauta ce a shafin Google Fonts.

Tsohon Mabugi: Ba nan gizo ke saƙar ba. Edwardian ɗin da ke zuwa da manhajar Microsoft Office ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Wani shago a layinmu ya buga kati 500, a wajen Ƙofar Mata sai ga ɗan akwati a madadin Ƙ. Yaron shagon ya zana ƙugiyar Ƙ ɗin da hannu a wani fayil, sai ya tura tsohon fayil ɗin, bai kuma danna Ctrl+Q a manhajar zane ta CorelDRAW ya mayar da rubutun zane ba. Dangin ango suka ƙi karɓa, maigida ya cire kuɗin kwalin daga albashin yaron. Shi maigidan da ya duba samfuri ya ce a buga, ko a jikinsa.

Na Fagge: Allah ya kyauta. Shi ya sa ake fitar da guda ɗaya a takarda, mai kati ya sa hannu.

Maman Biyu: Nawa ne 200 ɗin ma yanzu?

Ɗan Zariya: Naira 45,000, kwali mai giram 300.

Tsohon Mabugi: A ina? Da ruwan gwal ba ka samu ƙasa da 80,000. Kuma siraran layukan Edwardian karyewa suke a gwal, sai an ƙara musu kauri.

Sarkin Zolaya: Hajiya ku bar shi haka. Duk wanda ya kasa karanta adireshi, an rage baki a kan shinkafa.

Tsohon Mabugi: Masu zane da manhajar Canva a waya su riƙa barin waɗanda tawada ta ɓata wa riga su yi magana.

Ɗan Zariya: Baba, da girmanka, wayar nan ce ke kawo muku aiki. Abin haushin ma masu kati ne: gyara sau takwas, ƙarshe su ɗauki hoton samfuri su watsa a WhatsApp, ko sisi ba su biya ba.

Na Fagge: Rabin kuɗi kafin a buɗe kwamfuta, samfuri kuma da tambarin shago a tsakiya.

Yayar Amarya: To ni dai, mu canza?

Maman Biyu: Tambarin ma goge shi suke yi wallahi.