Neman shawara: kuɗinmu ba su kai na jirgi ba, amma ina so yarana su ga yadda wasu ke rayuwa

Maman Uku:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Ni da maigidana duk ma'aikata ne, albashin daidai ruwa daidai tsaki. Yaranmu uku, babbar shekararta 13, autan 6. Tun bara muke ɗan ajiye wani abu da niyyar idan an yi dogon hutu mu fita da su wata ƙasa. Da muka zauna lissafi, sai muka ga abin da muka tara ko fasfo da biza na mutum biyar ba zai yi ba, balle tikitin jirgi da masauki.

Ba yawon ne kawai ya dame ni ba. Yaran nan sun san ƙasashe a waya, amma ba su taɓa zama sun ci abinci da mutumin da yarensa da al'adarsa suka bambanta da namu ba. Babbar har ta fara yatsine fuska ga duk abin da ba ta saba gani ba, kuma wannan ne abin da ke ci mini rai. Ba na so su tashi suna ƙyamar mutane don kawai ba irinsu ba ne. Shin da ɗan abin da ke hannunmu akwai abin da za mu iya yi kusa da gida? Ko mu haƙura mu ci gaba da tarawa ko da zai ɗauki shekaru?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kada ku jira. Kafin kuɗin jirgi su taru, babbar ta wuce shekarun da take sauraron ku da zuciya ɗaya.

Kuma ki cire wa ranki cewa tafiyar kusa tafiyar marasa hali ce. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 an yi tafiye-tafiyen cikin gida wajen biliyan 9 a duniya, yayin da na ƙetare suka tsaya a biliyan 1.4. Ashe yawancin matafiya ba sa tsallaka iyakar ƙasarsu. Ga wani lissafin kuma: a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a can aka haife su ba. Waɗannan mutane ba su baro tukunyarsu da bukukuwansu a baya ba. Suna nan a biranen duniya, galibi kusa da tashar jirgin ruwa, tashar jirgin ƙasa, jami'o'i da manyan kasuwanni, domin nan baƙo ke fara sauka.

Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ku shimfiɗa taswira, ku zagaye duk inda mota za ta kai ku cikin awa biyu zuwa uku. Sai ku zauna da yaran ku rubuta abin da ke cikin da'irar: unguwannin baƙi, garuruwan da ake wani yare, gidajen tarihi, kasuwannin da ke ci mako-mako, wuraren sana'ar hannu. Ki bar su su yi binciken da kansu, musamman babbar. Wurin da yaro ya zaɓa da hannunsa ba ya zuwa yana tura baki.

Sannan ki duba ko babban birnin da ke kusa da ku yana da cibiyoyin al'adun ƙasashen waje, irin su Alliance Française ta Faransa, Goethe-Institut ta Jamus, British Council ta Birtaniya, ko Confucius Institute ta ƙasar Sin, wadda yawanci a cikin jami'o'i take. Suna nuna fina-finai, suna baje kolin zane da littattafai, wani lokaci har da abinci, kuma da yawa daga shirye-shiryensu ba a biyan kuɗin shiga. Ki kuma riƙe 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya. Tun 1977 ake yin ta, kuma gidajen tarihi da dama kan buɗe ƙofa kyauta a ranar.

Tsohon Direba:

'Yata, ni abin da na sani hanya ce. Abu uku ke cinye kuɗin matafiyi: kwana, mota, da ci. Mafi haɗama a cikinsu kwana ne. Ku mutum biyar ɗaki ɗaya ba zai ishe ku ba. To ku fara da tafiyar yini: ku tashi da sassafe, ku dawo kafin duhu. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya zai iya kai ku wani garin ya dawo da ku.

Ku guji ranakun biki da ƙarshen mako in da hali, nan ne kuɗin mota ke tashi. Ki ware kuɗin dawowa a aljihu daban, kada a taɓa shi ko me aka gani a kasuwa. Ruwan sha da abin karyawa ku tafi da naku, amma abincin rana ku ci na garin, ai shi kuka je nema. In kina son sanin inda ake girki mai kyau da araha, tambayi direbobi da masu dako inda suke ci. Mutumin da ke cin abinci a wuri ɗaya kullum ba zai koma inda aka taɓa ɓata masa ciki ba. Kuma da yara, babu tafiyar dare.

Uwar Girki:

Maman Uku, ni kam ta ƙofar kicin zan shigo miki. Kafin ki hau mota, ki leƙa maƙwabtanki da iyayen abokan yaranki na makaranta da abokan aikinki. Da wuya a rasa wanda ba ɗan asalin wurin ba ne.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Habasha da muka zauna gida ɗaya da ita. Ranar da ta fara gayyatar mu, ta kawo babban faranti an shimfiɗe shi da injera, wani faffaɗan burodi mai laushi mai ƙananan ramuka a fuskarsa. Da garin wani ɗan mitsitsin hatsi, tef, ake yin sa, a bar ƙullin kwana biyu ko uku ya yi tsami. A kai ta zuba miya kashi-kashi, ta adas (wani irin ƙaramin wake), ta ganye, da ta kaza mai jan yaji da dafaffen ƙwai a tsakiya. Babu cokali. Kowa ya yagi injera ya dangwala. Can sai ta naɗe loma da hannunta ta kai bakin ɗana. Yaron ya kalle ni, na gyaɗa masa kai, ya buɗe baki. A wurinsu wannan girmamawa ce da nuna ƙauna.

Bayan abinci ta wanke ɗanyen 'ya'yan gahawa, ta soya a kasko kan garwashi har suka yi baƙi suna sheƙi, ta zagaya da kaskon kowa ya jawo hayaƙin da hannu ya shaƙa. Ta daka, ta dafa a wata butar ƙasa mai dogon wuya, ga turare na tashi a gefe. Sau uku ake zubawa, kuma ba a so baƙo ya tashi bai sha na ukun ba. Mun fi awa a zaune. A wannan zaman ne yarana suka ji cewa kalandar Habasha wata 13 gare ta, kuma sabuwar shekararsu a Satumba take kamawa. Har yau ba su manta ba.

In gidan abinci za ku je, kada kowa ya sayi farantinsa. Ku sayi kala uku daban ku sa a tsakiya, kowa ya ɗanɗana. Kuma ki nemi kantin da baƙi ke sayen kayan girkinsu. Ki ɗauki abin da ba ki sani ba ki tambayi matar da ke kusa da ke yadda ake sarrafa shi. Ban taɓa ganin macen da aka tambaya girkin garinsu ta ɓata rai ba.

Game da babbar, kada ki tilasta mata, kada kuma ki yi mata faɗa a gaban mutane. Loma ɗaya ta isa. Yaro yakan ƙi abu sau da yawa kafin bakinsa ya saba. Abin da za ki tsaya a kai shi ne kada ta aibata abincin wani a gabansa.

Ɗan Kasuwa:

Da girmamawa ga Malam da Anti, ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Cin abincin baƙi a garinku abu ne mai kyau, amma har yanzu ku ne masu gida. Darasin da yaro ke buƙata shi ne ya zama baƙon da kansa: ya tsaya a kasuwa bai jin abin da ake cewa, ya riƙe kuɗin da bai san darajarsu ba, wani ya yi haƙuri da shi ya nuna masa hanya. Wanda aka taɓa yi wa haka ba ya raina baƙo.

Kuma tsallaka iyaka ba dole sai da jirgi ba. Yankuna da dama na da yarjejeniyar shige da fice tsakanin maƙwabta. Ƙasashen ECOWAS, ƙungiyar Afirka ta Yamma, sun sa hannu a tasu tun 1979, ɗan ƙasa mamba zai shiga wata ya zauna har kwana 90 babu biza. A Turai akwai yankin Schengen da ya fara aiki a 1995. Ki bincika abin da ya shafi ƙasarki, da takardar da ake karɓa a iyaka. In ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, ki sani tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta katin. Batun kwana kuma, akwai masaukan matafiya masu araha irin wanda wani malamin makaranta, Richard Schirrmann, ya fara buɗewa a Altena ta Jamus a 1912 don ɗalibai masu tafiya. Da yawansu yanzu suna da ɗakin iyali da kicin na haɗaka inda za ki yi girkinki.

Malamin Tarihi:

Ɗan'uwa, maganarka ta zama baƙo gaskiya ce, na karɓa. Inda muka rabu shi ne batun cewa sai an tsallaka iyaka. Harsunan duniya sun kai kusan 7,000, ƙasashen da ke Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa 193 ne. Ka ga ke nan yawancin iyakokin yare da al'ada a cikin ƙasashe suke, babu shingen kwastan a kansu. Mutum zai yi tafiyar awa uku ya sauka inda gaisuwa ma sai an koya masa. Fasfo biyar kuwa kuɗi ne da ita ta ce ba su da su. Su fara da na kusa bana, na ƙetaren ya biyo baya in hali ya yi.

Ma'aikaciyar Jinya:

Yaya, ki bar ni in sa baki ta fannin lafiya, don ciwon ciki ɗaya ya isa ya sa yaro ya tsani tafiya. Ku ci abin da aka sauke daga wuta a gabanku yana tururi. Ku kiyayi abincin da ya daɗe a buɗe, ƙanƙarar da ba ku san ruwanta ba, da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka. A jakarki a samu sabulu da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. In akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu, ko abin da addini ya hana ku, ki tambaya kafin a zuba, domin ba komai ake gani da ido ba. Girkin Japan kan sa mirin, wani ruwan haɗa girki da ke da barasa. Na Tailan da Biyetnam da wuya ya rasa ruwan kifi, wani lokaci da jatan lande. Wasu miyoyin Turai da giya ake haɗa su, wasu kayan fulawa kuma da kitsen alade. Tambayar ba rashin kunya ba ce, masu girki sun saba da ita.

Baban Gida:

Ƙari kaɗan a kan bukukuwa, tunda su ba sa cin kuɗi. Sabuwar shekarar Sinawa kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, Diwali na Indiyawa a Oktoba ko Nuwamba, Nowruz na Iraniyawa da maƙwabtansu wajen 21 ga Maris. Inda waɗannan al'ummomi ke da yawa, akan yi wani ɓangare na bikin a fili don kowa. Mabiya addinin Sikh kuma suna ciyar da duk wanda ya zo wurin ibadarsu kyauta, ko wane addini yake bi, abinci marar nama, kowa a zaune a ƙasa sahu ɗaya. Sharaɗin shi ne a cire takalmi a rufe kai.

Roƙona ɗaya: ki ja wa yaran kunne kan waya. Mutane ba kayan kallo ba ne. A nemi izini kafin a ɗauki hoto, in an ce a'a a mayar da wayar aljihu. Kuma in kun shiga unguwar masu ƙaramin ƙarfi, kada ku ci kyauta ku tafi. Ku sayi wani abu a hannunsu.

Maman Uku:

Allah ya saka muku da alheri, wallahi kun sauke mini nauyi. Mun yi maganar da maigidan jiya, mun tsaya a kan tafiyar yini zuwa wani gari da ake wani yare, sauran kuɗin mu bar su don fasfo a hankali. Taswirar ma babbar ce ta karɓe ta. Anti Uwar Girki, tambaya ɗaya ta rage. Akwai wata mata 'yar wata ƙasa da ɗanta ke aji ɗaya da autana, gaisuwa kawai muke yi a ƙofar makaranta. Ta yaya zan tunkare ta ba tare da ta ga kamar roƙon abinci nake yi ko shisshigi ba?

Uwar Girki:

Ke za ki fara bayarwa, ƙanwata. Ki tambaye ta ko akwai abin da ba sa ci, sannan ki dafa abin da kika fi gwaninta a kai ki miƙa mata a kwano mai kyau, ki ce yaranmu abokai ne, na ga ya dace mu san juna. Kada ki ambaci nata girkin a ranar. Idan ta dawo da kwanon, ko da abu a ciki ko babu, ki gayyace ta da yaron su zo gida ranar da babu makaranta. In hira ta yi daɗi, sai ki ce kina so ta koya miki abu ɗaya na garinsu, ke za ki sayi kayan, a kicin ɗinki. Ki sa babbar ta tsaya kusa da ita tana miƙa mata kaya tana yanka albasa. In kuma kin ga tana ja da baya, kada ki matsa. Wasu baƙin sai sun daɗe kafin su saki jiki. Ki ci gaba da gaishe ta kamar da, ki sake gwadawa bayan an koma makaranta.