Yi wa mara lafiya bayani a jarrabawar asibiti

Ga abin da na tsinta a hirar ɗaliban likitanci nan Kano. Ka gaisa tukuna, Baba ko Hajiya, ka tambayi me ya sani kan ciwon kafin ka fara zuba, kuma banda turanci, ciwon suga ko hawan jini ya isa. Wajen magani aka fi daɗewa, wai nan ake zubar da maki. Metformin, maganin ciwon suga, da abinci ake sha don yana ɓata ciki, maganin tarin fuka wata 6 ne ko da tarin ya tsaya, ka gaya masa rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan, zai sa fitsari ya yi ja kar ya tsorata ya daina. Ka tambayi na gargajiya ma, mutanenmu ba sa faɗa sai an tambaya. Sannan ya maimaita maka da bakinsa.