Dutsen zoben mahaifiyata ya fara komawa kore, mi zan yi?

Mai tambaya, daga Yantala, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini zoben azurfa da ta sayo a Madina, da dutsen nan da Larabawa ke kira fairuz, a Faransanci turkuwaz. A hannunta shuɗi ne kamar sararin sama, da ƴan jijiyoyi baƙaƙe. Shekara biyu ke nan ban cire shi ba, da shi nake girki da wanki. Yanzu ya dushe, gefe guda ya koma kore, ga shi zoben ya matse mini yatsa. Wata maƙwabciya ta ce in jiƙa shi cikin man zaitun ya kwana, wata ta ce jabu ne tun asali. Launin zai dawo? In na kai a buɗa zoben, dutsen ba zai lalace ba?

Wani maƙerin azurfa, Wadata:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya gafarta wa Hajiya. Kada ki kusantar da shi da mai, man ne ma ya kai shi inda yake. Dutsen nan kamar sabuwar randa yake, yana tsotsa: gumi, man shafawa, humra, sabulu, duk shiga suke ciki ta ƙofofin da ido ba ya gani.

Zancen buɗa zobe kuwa, nan ne haɗarin. Sai an yanka azurfar an ƙara guntu an like da wuta, shi kuma fairuz ba ya jure wuta, tsagewa yake yi ko ya ƙone. Ki ce wa maƙeri ya ɗaga bakin azurfar da ya riƙe dutsen, ya fitar da shi ya ba ki a hannu, in ya gama aiki ya goge sannan a mayar. Wanda ya ce miki zai naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya hura wuta a haka, ki karɓi kayanki ki yi gaba.

Wata hajiya daga Tawa:
Mu dai mun ji manya na cewa in fairuz ya sake launi, mai shi ne ba shi da lafiya. Ki je a duba ki, ƙanwata.

Wani malamin kimiyya:
Hajiya, zuwa likita ba laifi, amma dalilin a fili yake. Dutsen haɗin jan ƙarfe ne da alminiyam da fosfat, dangin wanda ake samu a ƙasar Tawa ana taki da shi, kuma akwai ruwa a cikin halittarsa, shi ya sa zafi ke ɓata shi. Jan ƙarfen ke ba shi shuɗi. Wanda baƙin ƙarfe ya shiga cikinsa kore yake fitowa tun daga rami, amma naki ke mai tambaya, da ya sauya a hannu, maiƙo ne. A Nishapur ta ƙasar Iran an fi shekara dubu ana haƙarsa, Misirawan dā kuma daga Sina'i suke ɗebowa, har a fuskar zinariyar Fir'auna Tutankamun akwai shi. Yau da yawansa daga Sin da Arizona ta Amurka yake zuwa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne taurinsa. A ma'aunin taurin duwatsu na Mos bai wuce 5 zuwa 6 ba, ƙwayar rairayi kuwa 7 ce. Ƙurar hunturun nan da ke kwanta mana a kan komai ta fi shi tauri, in kika murza shi da bakin zane a bushe kina kankare shi ne. Ki hure ƙurar tukuna, ki shafa da tsumma mai laushi da ɗan danshi, ki busar nan take.

Mai sayar da kayan ado:
Ni dushewar ce ma ta sa nake kyautata zaton na gaske ne, don gilashi da roba ba sa shan mai. Jabun da ya cika kasuwa farin dutse ne, hawlayit ko magnezit, a rina shi shuɗi. In an fitar da naki, ki ɗiga disolban na goge farce a auduga ki taɓa bayansa kaɗan, bayan kawai. Audugar ta yi shuɗi, rini ne. Akwai kuma na gaske mai laushi da ake ɗura wa roba ya yi ƙarfi, shi bai cika sauya launi ba, kuma ya fi araha.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Baba maƙeri, ba a iya goge koren a kai ga shuɗin da ke ƙasa?

Maƙerin azurfa:
Ana gwadawa, amma ba zan yi miki alkawari ba. Fairuz ba a yi masa fuska-fuska irin ta lu'ulu'u, tunda haske ba ya ratsa shi. Doro ake yi masa a sama, ƙasan a shimfiɗe, ana gogawa da ruwa a hankali don kada ya ɗau zafi. In man a sama-sama ya tsaya, sabon gugi zai taimaka. In ya nutse, sai dai a yi ta cin dutsen har ya kasa zama a gidansa. Da nawa ne, abin uwa, barinsa zan yi da korensa. Ki riƙa cire shi kafin wanki da girki da shafa, ki sa turare ya bushe kafin ki mayar, kada jabel, ruwan nan na faranta tufafi, ya taɓa shi. Ki ajiye shi shi kaɗai cikin ɗan ƙyalle, ban da gwangwanin sarƙoƙi, ban da bakin taga inda rana ke duka.

Mai tambaya:
To Baba, na cire shi tun yanzu, da ƙyar ya fita. Ranar Asabar in sha Allah zan kai a buɗa, kuma ina tsaye za a fitar da dutsen.