Mutum nawa ya kamata su ɗauki gungumen kankare na layin dogo?

Leburan Layi:
Assalamu alaikum. Ina cikin ma'aikatan da ke gyaran layin dogo a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila, kuma babban aikinmu shi ne sauya gungumen da ake shimfiɗa ƙarfen dogo a kansu. Idan na'urar ɗaga kaya ba ta iso ba, shugaban aikinmu yakan sa mutum huɗu su ɗauki gungumen kankare guda da hannu. Yanzu da yawa daga cikinmu suna fama da ciwon ƙugu, ɗaya kuma gwaiwa ta fito masa. Ina roƙon masu sani su gaya mini ko akwai ƙa'ida game da nauyin da ya halatta mutum ya ɗauka, da kuma abin da ya kamata mu yi.

Tsohon Ma'aikacin Dogo:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba marasa lafiyarku sauƙi. Gungumen kankare na layi mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna, yakan kai kilo 250 zuwa 300, wanda ke nufin kowane ɗayanku yana ɗauke da kimanin kilo 70 idan nauyin ya rabu daidai. Amma a kan tsakuwa nauyi ba ya rabuwa daidai, domin da zarar ƙafar mutum ɗaya ta zame ko ya riga sauran sauke hannu, rabonsa yana komawa kan wanda ke kusa da shi a cikin ƙiftawar ido, kuma a wannan lokacin ne baya yake lalacewa. Mu da muka yi aiki a tsohon layi da gungumen katako, waɗanda ba su kai rabin wannan nauyi ba, ba mu ɗauke su da tsirara hannu ba. Da babban awartaki muke kamawa, mutum ɗaya kuma shi ke ba da murya, ba wanda ke ɗagawa ko saukewa sai ya ce. Gungumen kankare an yi shi ne don na'ura ta ɗauka. Idan babu ita, a ja shi a kan keken turawa na dogo, ko a jira ta iso. Kada kuma ku manta da mai tuta da usur da ke lura da zuwan jirgi, domin mutumin da ke ɗauke da kaya ba ya iya kaucewa da sauri.

Ma'aikaciyar Lafiya:
Malam, ina ƙara a kan abin da Baba ya faɗa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara tun 1967 cewa kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai, kuma masana na yau suna ganin wannan adadi ya yi yawa, domin hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana fara nuna damuwa ne daga kilo 25, shi ma idan kayan yana manne da jiki daidai ƙugu. Lanƙwasa gwiwa, matso da kaya kusa da jiki, da juyawa da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu duk suna da amfani, amma ba za su mayar da kilo 70 abin da gadon baya zai jure kullum ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda leburori ke shan tramadol domin su ci gaba da aiki, alhali ciwon da suke dannewa shi ne gargaɗin da jiki ke bayarwa. Duk wanda ciwon ya sauka masa zuwa ƙafa, ko ya ji ƙafar ta mutu, ko fitsari ya fara kuɓuce masa, ya tafi asibiti a ranar. Mai gwaiwa kuma ya daina ɗaukar nauyi har likita ya duba shi.

Wakilin Ƙungiya:
Ɗan'uwa, akwai ɓangaren doka da bai kamata ku yi sakaci da shi ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ke aiwatarwa, ta shafi ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, kuma ta buƙaci ma'aikaci ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki a cikin kwana 14 da samun rauni. Ku rubuta sanarwar a takarda, da kwanan wata da wurin da abin ya faru da sunayen waɗanda suka gani, ku riƙe kwafi tare da takardar asibiti. Batun ɗaukar gungumen kuma ku kai shi gaba a rubuce da sa hannun dukkanku, domin mutum ɗaya da ya yi ƙorafi da baki yana da sauƙin sallama, musamman idan aikin yini yake yi.